Wa'adi da Kwafin Shari'a: Tarihin Ƙarin Lokacin Ɗaukaka Ƙara a Shari'un Laifi na Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk inda doka ta ba mutum ikon ɗaukaka ƙara, akwai abubuwa biyu da ke tafiya tare da wannan iko. Na farko shi ne wa'adi, watau 'yan kwanakin da aka yanka wa wanda hukunci bai gamsar ba domin ya kai kukansa gaba. Na biyu kuwa shi ne kwafin shari'a, watau rubutaccen bayanin abin da ya gudana a gaban alƙalin farko, tun daga maganganun shaidu har zuwa yanke hukunci. A bisa al'ada kotun sama ba ta sake kiran shaidu, saboda haka wannan kwafi shi ne idonta, shi ne kunnenta. Inda gizo ke saƙar shi ne, wa'adin a wuyan wanda aka yanke wa hukunci yake, alhali kwafin yana hannun ma'aikatan kotu. Idan kwanaki suka ƙare kwafi bai fito ba, ko ya fito da giɓi, wa zai ɗauki asarar?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin amsar da kotunan Amurka suka yi ta ba wannan tambaya, musamman daga 1933 zuwa 2007. Za a tsaya sosai a kan shari'u biyu, ta Haywood Patterson a Jihar Alabama da ta Caryl Chessman a Jihar Kalifoniya, domin a cikinsu ne matsalar ta fito fili da rai a kan gaba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙarin lokaci yana maganin jinkirin kwafi, amma ba ya maganin ɓacewarsa, kuma shi kansa ƙarin lokacin yana da tsada, wadda galibi ɗan kurkuku ke biya.

2.0 Tushen Al'amarin

Ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi ba tsohon abu ba ne a dokar Turawan Ingila, wadda Amurka ta gada. Shekaru aru-aru abin da kawai kotun sama ke iya dubawa shi ne kundin hukuma, wanda bai ƙunshi komai ba sai takardar tuhuma da amsar wanda ake tuhuma da hukunci. Abin da shaidu suka faɗa da abin da alƙali ya gaya wa juri, watau mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko an yi laifi ko ba a yi ba, duk ba sa ciki. Wata doka ta 1285 ta ƙago abin da za mu kira takardar ƙorafi, inda lauya zai rubuta wuraren da yake ganin alƙali ya kuskure, alƙalin ya buga mata hatimi, ta shiga kundi. A Ingila ba a yi amfani da ita a manyan laifuffuka ba, amma jihohin Amurka sun karɓe ta, ta zama babbar hanyar kai kuskuren alƙali gaban kotun sama.

Sai a 1907 Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifi, bayan abin kunyar da ya faru ga Adolf Beck, wanda aka kama da laifin wani mutum dabam har sau biyu, a 1896 da 1904. Dokar ta 1907 ta haɗa abubuwan nan biyu da muka ambata wuri guda. Ta ce a riƙa ɗaukar shari'a da gajeren rubutu, ta kuma yanka kwana 10 na sanar da niyyar ɗaukaka ƙara. Ta ba kotu ikon ƙara wannan wa'adi, amma ban da wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Dalilin wannan togiya shi ne kada ranar zartar da hukunci ta zama ba ta da tabbas. Sakamakonta kuwa, mutumin da ya fi kowa bukatar rangwame shi ne aka hana.

A Amurka ma haka abin ya zo a makare. Kotun Ƙoli ta ƙasa ba ta sami ikon duba hukuncin kisa na kotunan tarayya ba sai a 1889, kuma a 1894, a shari'ar McKane da Durston, ta ce Tsarin Mulki bai tilasta wa kowace jiha ta ba da damar ɗaukaka ƙara ba. Tun da an ɗauki ɗaukaka ƙara a matsayin alfarma, jihohi suka ga suna da ikon gindaya mata duk sharuɗɗan da suka ga dama, kuma wanda ya saɓa wa sharaɗi ko da na kwana ɗaya ne ya rasa alfarmar. A cikin wannan yanayi ne shari'ar Patterson ta taso.

3.0 Kwana Huɗun Haywood Patterson

A ranar 25 ga Maris, 1931, aka sauko da wasu samari baƙar fata su tara daga jirgin ƙasa na kaya a garin Paint Rock na Alabama, aka tuhume su da yi wa wasu mata biyu farar fata fyaɗe. Cikin 'yan kwanaki kotun garin Scottsboro ta yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa. A 1932 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, saboda ba a ba su lauya ta hanyar da za ta amfane su ba. Da aka sake shari'ar Patterson a garin Decatur a 1933, ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta janye maganarta, ta ce ba a taɓa su ba. Duk da haka juri ya same shi da laifi. Alƙali James Horton ya soke wannan hukunci a watan Yuni na shekarar, yana mai cewa shaidar ba ta tsaya ba. Daga nan aka miƙa shari'ar ga wani alƙali, William Callahan.

A gaban Callahan, juri ya sami Patterson da laifi ranar 1 ga Disamba, 1933, aka kuma furta masa hukuncin kisa ranar 6 ga wata. Abokin tuhumarsa Clarence Norris, wanda aka yi tasa shari'ar bayan ta Patterson, an same shi da laifi ranar 6 ga Disamba. Babban ƙorafin lauyoyinsu, ƙarƙashin jagorancin Samuel Leibowitz, iri ɗaya ne a shari'un biyu, watau an daɗe ana hana baƙar fata shiga juri a wannan yanki da gangan.

Nan da nan lauyoyin Patterson suka roƙi a ba su wata guda, wanda zai fara daga ranar da kwafin shari'a ya zo hannunsu, domin su shigar da buƙatar a sake shari'a. Callahan ya ƙi. Amma ya ce musu suna da kwana 30 na shigar da buƙatar, kuma bayan sun shigar za su iya neman ƙarin kwanaki domin su gyara ta idan kwafi ya fito. Lauyoyi suka riƙe wannan magana, suka shigar da buƙatarsu ranar 29 ga Disamba. Alƙali ya yi ta ɗaga sauraronta har zuwa 24 ga Fabrairu, 1934. A ranar ne Babban Lauyan Jiha, Thomas Knight, ya tashi ya ce buƙatar ba ta da rai tun asali, domin zangon zaman kotun ya ƙare tun 23 ga Disamba, kuma ba a shigar da irin wannan buƙata bayan zango ya ƙare. Callahan ya amince, ya kori buƙatar.

Sai a lura da abin da wannan ya haifar. Dokar Alabama ta ba da kwana 90 na gabatar da takardar ƙorafi, ana lissafi daga ranar hukunci, ko kuma daga ranar da aka yanke magana a kan buƙatar sake shari'a idan akwai ta. Lauyoyi suna zaton agogonsu bai ma fara bugawa ba, sai ga shi an ce musu ya fara tun Disamba, saura 'yan kwanaki. Suka yi ta aiki ba dare ba rana, suka gabatar da takardun mutum biyun ranar 5 ga Maris, 1934. Daga 6 ga Disamba zuwa wannan rana kwana 89 ne, saboda haka takardar Norris ta shiga. Ita kuwa ta Patterson, Kotun Ƙolin Alabama ta ce lissafinta daga 1 ga Disamba zai fara, ranar da aka same shi da laifi, ba ranar da aka furta hukuncin kisa ba. Kwana 94 ke nan. Kotun ta jefar da takardar a watan Yuni na 1934, ba tare da ta duba abin da ke cikinta ba.

Da magana ta je Kotun Ƙoli ta ƙasa, sai alƙalai suka sami kansu a tsaka mai wuya. A shari'ar Norris sun duba littafin sunayen juri da idonsu, inda aka nuna musu sunayen baƙar fata da aka ƙara a ƙasan shafi daga baya, suka kuma yanke cewa an tauye masa haƙƙin da Tsarin Mulki ya ba shi. To amma tsohuwar ƙa'ida ce cewa Kotun Ƙoli ba ta sa baki a hukuncin da kotun jiha ta gina a kan dokar jiharta ta tsarin shigar da takardu. Idan aka bi ƙa'idar yadda take, Norris ya tsira, Patterson ya hau kujerar lantarki, alhali ƙorafinsu ɗaya, shaidarsu ɗaya, alƙalinsu ɗaya, bambancinsu kurum shi ne takardar Patterson ta makara da kwana huɗu.

Babban Joji Charles Evans Hughes ya rubuta hukuncin shari'un biyu ranar 1 ga Afrilu, 1935. Bai ce kotun Alabama ta yi kuskuren lissafi ba, bai kuma ce wa'adin ya saɓa wa Tsarin Mulki ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗage hukuncin ya mai da shari'ar Alabama, bisa hujjar cewa lokacin da kotun jihar ta jefar da takardar Patterson tana ganin ƙorafin ba shi da tushe, ga shi yanzu an tabbatar yana da shi, kuma ba za a ɗauka cewa kotun ba ta da ikon sake dubawa ba idan ta ga za a kashe mutum ɗaya a bar ɗan'uwansa a kan magana guda. Wannan dabara ta ceci ran Patterson. An sake masa shari'a a Janairu na 1936, aka ɗaure shi shekara 75. Ya tsere daga kurkuku a 1948, ya rasu a 1952 a wani kurkuku na Jihar Mishigan, kuma sai a 2013 Alabama ta yi masa afuwa bayan mutuwa. Sai dai hukuncin na 1935 bai kafa wata ƙa'ida ba. Ya warware wa mutum ɗaya matsalarsa, ya bar tambayar inda take.

4.0 Shekara Goma Sha Biyun Caryl Chessman

Idan Patterson ya rasa lokaci ne, shi Chessman ya sami lokaci har ya yi yawa, abin da ya rasa shi ne kwafin da za a amince da shi. An kama shi a Los Anjalis a Janairu na 1948 bisa tuhumar fashi da sace mata biyu da cin zarafinsu. Dokar Kalifoniya ta wancan zamani ta tanadi kisa ga wanda ya sace mutum domin fashi ya kuma ji masa rauni, ko da bai kashe kowa ba. Chessman ya kare kansa da kansa ba tare da lauya ba. Juri ya same shi da laifuffuka 17 a watan Mayu, Alƙali Charles Fricke ya furta masa hukuncin kisa ranar 25 ga Yuni, 1948. A Kalifoniya duk hukuncin kisa yana tafiya Kotun Ƙolin jiha kai tsaye, ko an nema ko ba a nema ba, kuma dole ya tafi da cikakken kwafi.

Kafin a furta hukuncin, marubucin kotun da ya ɗauki shari'ar, Ernest Perry, ya rasu. A lokacin ya riga ya karanta wani sashe na rubutunsa a na'urar ɗaukar magana, wanda daga baya ya zama shafi 646 daga cikin 1,810. Sauran kashi biyu cikin uku suna nan cikin gajeren rubutunsa. Masu wannan sana'a sun san cewa kowane marubuci yana da nasa alamomi da ya ƙago wa kansa, ga shi kuma Perry ya yi rubutun yana fama da rashin lafiya. A dokar jihar ta lokacin, mutuwar marubuci tana iya sa a sake shari'a idan rigimar dukiya ce, amma ba a yi wannan tanadi ga shari'ar laifi ba. Saboda haka aka ƙi buƙatar Chessman ta a sake shari'a, aka ɗauko wani marubuci, Stanley Fraser, ya fassara rubutun mamacin.

Fraser ɗan'uwan matar lauyan gwamnatin da ya gabatar da ƙarar ne, watau kawunta. Ya yi aikin watanni yana tuntuɓar wannan lauya, har ya zauna da 'yan sanda biyu da suka ba da shaida domin su taimaka masa gane abin da suka faɗa. Da aka kai wa Chessman kwafin a kurkukun San Quentin, ya lissafo kurakurai da giɓi kimanin 200, ya roƙi a kawo shi kotu ya yi wa Fraser tambayoyi. Aka ƙi. A 1949 Alƙali Fricke ya zauna ya tantance kwafin, ya karɓi kimanin 80 daga gyare-gyaren, ya sa hannu, ba Chessman a wurin, ba kuma lauya a madadinsa. A kan wannan kwafi ne Kotun Ƙolin Kalifoniya ta tabbatar da hukuncin a 1951.

Daga nan aka shiga ja-in-ja na shekaru. A 1955 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta ce a binciki zargin da ya yi cewa an haɗa baki an yi maguɗi a kwafin, alƙalin tarayya ya bincika ya ce bai ga maguɗi ba. A 1957 magana ta sake komawa Kotun Ƙoli, inda Alƙali John Marshall Harlan ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Ya ajiye maganar maguɗi gefe, ya kama wata dabam: tun da kwafin nan shi ne ginshiƙin ɗaukaka ƙarar da ransa ya rataya a kanta, tantance shi a bayan idonsa ya saɓa wa haƙƙinsa na a ji ta bakinsa. Ko da kwafin daidai yake, hanyar da aka bi aka tabbatar da shi ba daidai ba ce. Aka umarci Kalifoniya ta sake zama da shi a wurin, ko kuwa ta sake shi.

An yi wannan zama a ƙarshen 1957 da farkon 1958, aka yi gyare-gyare masu ɗimbin yawa, aka ce kwafin ya wadatar. Amma shekara tara sun wuce, mai rubutun yana kabari, kuma ba wanda zai iya tuna kalmomin da aka furta a 1948 filla-filla. An ɗage ranar kisansa sau takwas. Littafin da ya rubuta a kurkuku, wanda ya fito a 1954, ya sa sunansa ya zaga duniya, aka yi ta aiko da roƙo daga ƙasashe dabam-dabam. Ranar 2 ga Mayu, 1960, aka kashe shi a ɗakin iskar guba. A safiyar ranar wani alƙalin tarayya ya yarda ya ɗan dakatar da kisan, amma wayar ta isa kurkuku bayan an riga an fara. Da ma an sake shari'ar tun 1948, lokacin da shaidu ke kusa kuma abin bai daɗe ba, da 'yan makonni sun isa a gama. Ƙin yin haka ya jawo wa jihar shekara goma sha biyu na shari'a, kuma ya bar shakka a kan hukuncin da ba ta gushe ba. Daga baya Kalifoniya ta gyara dokarta, ta ba kotu ikon ba da umarnin sake shari'ar laifi idan marubuci ya mutu ko rubutunsa ya ɓace.

5.0 Kwafi da Talauci

A daidai lokacin da ake wannan dambarwa, wata fuskar matsalar ta bayyana a Jihar Ilinoyi. A can kwafi yana nan, amma sayen sa ake yi, kuma ba a ba kowa kyauta sai wanda aka yanke wa kisa. Judson Griffin da James Crenshaw, waɗanda aka ɗaure saboda fashi da makami, suka ce ba su da kuɗin saye, kuma ba kwafi ba takardar ƙorafi. A 1956 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce gaskiya ne jiha ba dole ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ba, amma idan ta buɗe ba ta da ikon rufe ta ga matalauci. A 1963, a shari'ar Draper, aka ce abin da ake bin jiha shi ne kundin da ya cika gwargwadon da kotun sama za ta iya auna ƙorafin da shi. A 1971, a shari'ar Mayer da birnin Shikago, aka miƙa wannan haƙƙi har ga wanda tara kawai aka ci shi, aka kuma ce idan mai ƙara ya nuna alamar yana bukatar cikakken kwafi, jiha ce za ta kawo hujjar cewa guntu ya isa.

Amma an ja iyaka. Willie Norvell an ɗaure shi shekara 199 a Ilinoyi a 1941 bisa laifin kisa, bai ɗaukaka ƙara ba don ba shi da kuɗin kwafi. Bayan hukuncin Griffin ya nema, sai aka tarar marubucin ya rasu, ba mai iya karanta rubutunsa, ƙoƙarin sake gina kwafin daga bakin waɗanda suka halarci shari'ar kuma ya ci tura. A 1963 Kotun Ƙoli ta ce tun da yana da lauya a lokacin shari'arsa, kuma ɓatan kwafin ba laifin jiha ba ne, jiha ba dole ta sake masa shari'a ba. Ke nan a nan asarar ta faɗa kan ɗan kurkuku.

6.0 Raba Agogo Biyu

Darasin waɗannan shekaru ya shiga cikin ƙa'idojin kotunan tarayya. Tun 1944 wata doka ta sa kowace kotun tarayya ta sami marubuci na hukuma mai ɗaukar shari'ar laifi kalma bayan kalma. A 1968 aka fara aiki da ƙa'idojin ɗaukaka ƙara na bai ɗaya, waɗanda suka raba abin da dokar Alabama ta cakuɗa. Agogo na farko na takardar sanarwa ne, wadda ba ta bukatar kwafi, domin ba ta ƙunshi komai ba sai cewa wane ya ɗaukaka ƙara a kan hukunci kaza. Wa'adinta kwana 10 ne a da, aka mai da shi 14 a 2009, kuma alƙali yana iya ƙara abin da bai wuce kwana 30 ba idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Agogo na biyu na takardar hujjoji ne, wanda ba ya fara bugawa sai kundi ya iso kotun sama, daga nan mai ƙara yana da kwana 40. Tsakanin agogon biyu nauyi yana kan marubucin kotu, wanda aka ba kwana 30, kuma idan bai gama ba shi ne zai nemi ƙari. Idan kuwa kwafi ya gagara sam, mai ƙara zai rubuta abin da ya gudana iyakar tunaninsa, ɗaya ɓangaren ya kawo suka ko gyara, alƙalin farko ya tantance. Wannan tanadi na ƙarshe ya yi daidai da abin da aka yanke a shari'ar Chessman, watau ba a gina kwafi a bayan idon mai shi.

Har ila yau kotuna sun lura cewa giɓi ya fi cutar da wanda ya canja lauya. Lauyan da ya halarci shari'a yana iya tuna inda aka yi kuskure, sabo kuwa bai san abin da ya ɓace ba balle ya nuna illarsa. Saboda haka a 1964, a shari'ar Hardy, aka ce sabon lauya a kotun tarayya yana da haƙƙin samun kwafin dukan shaida da jawabin alƙali ga juri. A 1977, a shari'ar Selva, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce idan lauya sabo ne kuma abin da ya ɓace babba ne, a rushe hukunci ba sai an nuna takamaimiyar illa ba.

7.0 Tsadar Ƙarin Lokaci

Raba agogon ya toshe ramin da Patterson ya faɗa, amma ya buɗe wani. Tun da wa'adin mai ƙara ba ya tafiya sai kwafi ya zo, marubuci mai jan ƙafa yana iya riƙe mutum a kurkuku shekaru ba tare da an saɓa wa wata ƙa'ida ta wajen mai ƙara ba. Jeffery Antoine an same shi da laifin fashin banki a 1986 bayan shari'ar kwana biyu kacal. Ya biya kuɗin kwafi, aka yi ta ƙara wa marubuciyar lokaci, ana ba ta umarni, har da barazanar hukunci, sai bayan fiye da shekara biyu ta bayyana cewa wani sashe na rubutunta ya ɓace. Wani marubuci ya harhaɗa abin da ya samu, aka saurari ɗaukaka ƙarar shekara huɗu bayan hukunci. A 1993 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce marubucin kotu ba shi da cikakkiyar kariyar da alƙali ke da ita, ana iya kai shi ƙara a nemi diyya, domin aikinsa ɗaukar abin da aka faɗa ne, ba yanke hukunci ba. A 1994 kuma, a shari'ar Harris da Champion, wata kotun tarayya da ta duba cunkoson ɗaukaka ƙara a Jihar Oklahoma ta ce jinkirin da ya wuce shekara biyu a ɗauke shi ya yi yawa, sai jiha ta kawo dalili.

A nan ne bambancin masu neman ƙarin lokaci ke fitowa. Ga wanda ke jiran kisa, kowace rana da aka ƙara rai ce. Ga wanda aka ɗaure shekara uku, ƙarin shekara biyu yana nufin ko ya ci nasara ya riga ya sha yawancin ɗaurin. Lauyan da ke neman a ɗaga masa wa'adi saboda kundi bai cika ba yana tsakanin kura da sayaki: idan ya rubuta hujjoji da guntun kwafi, duk ƙorafin da bai kawo ba ya tafi ke nan, idan ya jira, mutuminsa na zaune a kurkuku.

Shi kuwa agogo na farko bai sassauta ƙwarai ba. A 2007, a shari'ar Keith Bowles, wani fursuna a Jihar Ohayo da ke ƙalubalantar ɗaurinsa a kotun tarayya, alƙali ya ba shi kwana 17 na shigar da sanarwa, alhali doka 14 ta yarda. Ya shigar a rana ta 16. Kotun Ƙoli, biyar a kan huɗu, ta ce wa'adin da Majalisa ta kafa da doka ba alƙalin da zai iya ƙara shi ko da bisa kuskure, ta kori ƙarar. Irin wannan ƙara ana lissafa ta cikin shari'un da ba na laifi ba, kuma a ɗaukaka ƙarar laifi ta kai tsaye kotunan tarayya sun ɗauki wa'adin a matsayin ƙa'idar da gwamnati ke iya yafewa idan ba ta tayar da maganar ba. Duk da haka, shekara 72 bayan hukuncin Patterson, an sake ganin mutum ya dogara da maganar alƙali ya rasa ƙararsa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, wa'adi yana da hujja ne a kan abin da ke hannun mai ƙara, shi ya sa aka tsananta a takardar sanarwa aka sassauta a takardar hujjoji. Na biyu, idan kwafi jinkiri ya yi, ƙarin lokaci ya isa magani, muddin akwai mai matsa wa marubuci lamba. Idan kuwa ɓacewa ya yi, zaɓi biyu ne kawai, a sake gina shi a gaban ɓangarorin biyu tun mutane ba su manta ba, ko a sake shari'a. Na uku, tambayar wa zai ɗauki asara idan ba laifin kowa ba ne ba ta sami amsa guda ba, domin hukuncin Norvell ya ɗora ta a kan ɗan kurkuku, na Selva kuma ya ɗora ta a kan gwamnati. Na'urorin ɗaukar magana da kwamfuta sun rage dogaro ga hannun mutum ɗaya irin na Perry, amma su ma sukan lalace, kuma har yanzu sai an sami mai zama ya mai da magana rubutu kafin kotun sama ta karanta. Mai nazarin tarihin shari'a a kowace ƙasa zai amfana idan ya riƙa duba waɗannan ƙananan takardu na neman ƙarin lokaci, domin a cikinsu ake ganin tsawon zaman da mutum ya yi a kurkuku kafin a saurari ƙararsa, da kuma wanda ya jawo jinkirin.